Motar Jiya, Jikin Yau

A duk watan Satumba, a wani tsohon filin jiragen yaƙi da ke kudancin Ingila mai suna Goodwood, ana yin bikin kwana uku da ake mai da agogo baya. An yi tseren motoci a wannan fili daga 1948 zuwa 1966, aka daina, sannan a 1998 aka farfaɗo da shi bisa sharaɗin cewa motocin wancan zamani ne kaɗai za su fafata a kansa. 'Yan kallo kan zo cikin shigar kakanninsu. Makanikai su sa kayan aiki irin na da. Hatta allunan talla da rumfunan shayi ana yi musu fasalin shekarun 1950. Abu guda ne ke tona asirin shekarar da ake ciki, shi ne direban. Kansa na cikin hular kwano ta zamani, jikinsa na cikin riga mai ninki biyu ko uku wadda ba ta saurin kama wuta, ga safar hannu, ga takalmi da safa na musamman.

Ba a Goodwood kaɗai ake wannan wasa ba. Ana yin irinsa a Laguna Seca da ke Kalifoniya tun 1974, ana yi a Le Mans ta ƙasar Faransa tun 2002, kuma a Ingila akwai ƙungiyar masu tsofaffin motocin tsere da aka kafa tun 1934. Akasarin masu shiga ba sana'arsu ba ce. Likitoci ne da lauyoyi da 'yan kasuwa da 'yan fansho, da makanikan da suka shafe shekaru suna harhaɗa mota ɗaya a garejin gida. Ba a biyansu, su ne ma ke kashewa, kuma abin da mai nasara zai koma gida da shi bai wuce kofi ba. Wata motar ta fi gidaje tsada, domin a 2018 an yi gwanjon wata Ferrari 250 GTO a kan sama da dala miliyan 48. Wata kuwa kuɗinta bai fi na motar hawa ba. Sha'awa ce ta tara su.

Ga tambayar da ke gabanmu. Mutum baligi, mai cikakken hankali, da ya sayi motarsa da guminsa, ya shiga tsere don jin daɗinsa, yana da haƙƙin ya ce shi ba zai sa waɗannan kaya ba? Masu shirya tseren da ke hana shi fita fili sai ya sa, kare shi suke yi ko shisshigi? Dokokin ƙungiyoyin sun riga sun yanke hukunci: babu hula, babu riga, babu tsere. Sai dai doka tana iya ɗora wa mutum hula a ka, ba ta iya sa shi ya yarda da ita. Wanda bai yarda ba kuwa yakan nemi mafi arhar abin da zai wuce da shi gaban mai dubawa. Shi ya sa har yanzu maganar ba ta mutu ba.

Kafin a shiga gardama, ya kamata mai karatu ya san irin motar da ake magana a kai. Motar tsere ta shekarun 1930 zuwa 1960 don gudu kawai aka ƙera ta. Tayoyinta sirara ne. Birkinta kan rage kamawa idan ya ɗau zafi. Sandar sitiyarinta miƙaƙƙen ƙarfe ne da ke saitin ƙirjin direba kamar mashi. Tankin fetur na bayan kujerarsa, a wasu motocin ma yana dama da hagu, har ya zamana direban na zaune a tsakiyar mai. Motar zamani an tsara gabanta ya murƙushe ya shanye ƙarfin karo. Ta da kuwa ko ta tsaya ƙiƙam ta miƙa wa jikin mutum dukan gaba ɗaya, ko ta naɗe da shi a ciki. Ga shi kuma da yawa daga cikinsu sun fi gudu a yau fiye da zamanin ƙuruciyarsu, saboda ingancin mai da taya da gyara.

Hujjar masu son asali

Masu ƙorafi na farko su ne masu son asali, kuma maganarsu na da daɗin ji. Suna cewa da tsohuwar zuma ake magani. Abin da ya kawo su wannan wasa shi ne su ɗanɗana abin da direbobin da suka ɗanɗana: iska na dukan fuska, ƙaurin mai a hanci, hannu na jin kowace girgizar sitiyari. Juan Manuel Fangio, ɗan Ajantina da ya zama zakaran duniya sau biyar a shekarun 1950, da riga mai gajeren hannu yake tuƙi. Kafin 1952, shekarar da aka wajabta hular kwano a manyan tsere, hular yadi ko ta fata da tabarau su ne kayan direba. To, in an kashe dukiya don kowane kusa na motar ya zama irin na 1955, me ya sa za a ɗora mata mutum mai kama da ɗan sama jannati? A ganinsu an ɓata hoton, an kuma rage ma'anar abin.

Kuskuren wannan hujja shi ne ta ɗauki rashi a matsayin zaɓi. Mutanen da ba su ƙi rigar kare wuta ba, babu ita ne. Yadin da ake yin ta da shi, wato Nomex na kamfanin DuPont, sai a ƙarshen shekarun 1960 ya shigo tseren motoci. Kafin nan direbobi da yawa kan jiƙa kayansu na auduga a ruwan wani sinadari su shanya, don wuta ta ɗan jinkirta kamawa. Hulunansu na farko sun yi kama da na 'yan wasan ƙwallon dawaki, domin abin da aka samu kenan. Ashe suna neman kariya iyakar abin da zamaninsu ya ba su. Haka jarumai suke ko'ina. Barden da ya sa sulke da kwalkwali, ya lulluɓe dokinsa da lifidi, babu wanda ya taɓa kiransa matsoraci, don an san inda za shi. Mai son ya kwaikwayi Fangio da gaske sai ya yi abin da Fangio ya yi, ya sa mafi kyawun abin da ke akwai a zamaninsa.

Kowane ɗaya daga cikin kayan nan kuma akwai sunan mamaci a bayansa. A 1956 wani ɗan tseren sha'awa a Kalifoniya mai suna Pete Snell ya kife da motarsa, hular da ke kansa ta kasa kare shi, ya rasu. Abokansa ba su tsaya a ta'aziyya ba. A 1957 suka kafa gidauniya da sunansa wadda aikinta gwada hulunan kwano da gindaya musu ma'auni, kuma har yau tana sabunta ma'aunin duk bayan shekara biyar. Idan direba ya leƙa cikin hularsa ya ga tambarin Snell, sunan mutum irinsa yake karantawa, wanda shi ma ba don albashi yake tsere ba. Abin lura a nan shi ne 'yan wasan ne da kansu suka fara wannan aiki, ba wata hukuma ce ta ƙaƙaba musu ba.

Bayan shekara goma, a 1966, Jackie Stewart ɗan Sikotilan ya zame cikin ruwan sama a filin Spa na ƙasar Beljiyam. Motar ta lanƙwashe ta danne shi, tanki ya fashe, fetur ya jiƙa shi sharkaf. Ya kai kusan minti 25 a haka. 'Yan'uwansa direbobi biyu, Graham Hill da Bob Bondurant, su ne suka ciro shi, bayan sun aro sifana daga wani ɗan kallo sun kwance sitiyarin. Tun daga ranar Stewart ya riƙa liƙa sifana a cikin motarsa, ya kuma shiga fafutikar a samar da bel, da hula mai rufe fuska, da shingen gefen hanya, da likitoci a filin tsere. Wasu marubuta da direbobi sun yi masa ba'a, suna ganin yana son kashe armashin wasan. Wanda ake wa ba'ar ya zama zakaran duniya sau uku, a 1969 da 1971 da 1973.

Labarin da ya fi shafar ɗan sha'awa shi ne na Le Mans a 1969. Al'adar wurin a lokacin ita ce direbobi su jeru a tsallaken hanya, da an kaɗa tuta su ruga a guje su faɗa motocinsu su tayar. Saboda sauri, da yawa kan tashi ba su ɗaura bel ba. Jacky Ickx ɗan Beljiyam ya ƙi yin gudun. Ya tako a hankali kowa na kallo, ya zauna, ya ɗaure kansa tsaf, ya tashi a ƙarshen kowa. A zagayen farko wani Bature ɗan Ingila mai suna John Woolfe, wanda da kuɗinsa ya sayi sabuwar Porsche 917 ya shiga tseren, ya yi haɗari ya rasu, kuma an ruwaito cewa bel ɗinsa ba a ɗaure yake ba. Bayan awa 24 Ickx ne ya ci tseren, da tazarar da ba ta wuce mita 120 ba. Daga shekarar da ta biyo baya aka soke al'adar rugawa.

Saboda haka mai cewa yana girmama mutanen da ta hanyar tuƙi babu kariya, bai saurari abin da suka ce ba. Sun bar gadon motoci, da gwaninta, da filaye masu tarihi. Jana'izar da suka yi ta halarta ba ta cikin gadon, ita ce ma suka yi yaƙi da ita. Ana iya farfaɗo da ƙarar injin 1960 da launin fentinsa. Babu dalilin farfaɗo da zawarawan 1960.

"Raina ne, ina ruwan wani?"

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, domin a kan 'yanci ta tsaya. Masanin falsafar nan na Ingila, John Stuart Mill, ya yi bayani a littafinsa na 1859 kan 'yanci cewa jama'a ba su da hurumin tilasta wa baligi wani abu sai don hana shi cutar da wasu. Amfanin kansa kaɗai bai isa dalili ba. Bahaushe ya taƙaita wannan da cewa kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Mun yarda mutum ya hau dutse, ya yi dambe, ya yi sukuwa, duk da sanin ana mutuwa a ciki. Tseren tsofaffin motoci da kansa kasada ne da babu wanda ya tilasta wa kowa. In an yarda masa ya ɗauki babbar kasadar, da wane baki za a hana shi ƙara 'yar kaɗan a kai?

Amsar tana filin Zandvoort na ƙasar Holan, ranar 29 ga Yuli, 1973. Wani matashin direba ɗan Ingila, Roger Williamson, mai shekara 25, ya daki shinge, motarsa ta kife ta kama wuta. Karon bai yi masa mummunan rauni ba, yana raye a ƙarƙashinta. Wani direban, David Purley, ya tsayar da tasa motar, ya tsallaka hanya a guje, ya yi ta ƙoƙarin ɗaga motar shi kaɗai. Yana iya kusantar wutar saboda rigar da ke jikinsa. Masu tsaron gefen hanya kuwa kayan gida ne a jikinsu, zafi ya hana su matsowa su kama masa. Williamson ya mutu saboda rashin iska, a gaban kyamarorin talabijin. An ba Purley lambar yabo ta jarumta, amma duk wanda ya ga hotunan yadda ya bar wurin kai a sunkuye ya san babu lambar da za ta goge masa wannan rana.

Darasin da ke ciki shi ne a filin tsere babu wanda ke ƙonewa shi kaɗai. Da zarar wuta ta tashi, akwai wanda zai ruga cikinta. A 1976, da motar Niki Lauda ta kama wuta a Jamus, direbobi huɗu ne suka tsaya suka ciro shi. A tseren 'yan sha'awa kuwa masu tsaron gefen hanya galibi 'yan sa-kai ne, mutanen da suka bar gidajensu a ƙarshen mako suka tsaya cikin sanyi da ruwa ba don kuɗi ba. Rigar kare wuta ba ta hana ƙonewa har abada. A gwajin da ake yi mata, daƙiƙa goma sha wani abu take jinkirta zafi kafin ya ratsa zuwa fata. Waɗannan daƙiƙu su ne direba ke kwance bel ya fito da ƙafarsa. Wanda ya ƙi sa ta, ko ya ƙi hular da za ta hana shi suma, ya yanke shawarar cewa wani ne zai shiga wutar ya ɗauko shi, kuma bai nemi izinin wannan mutum ba. Zafin da ya ɗebo ba a bakinsa kaɗai zai tsaya ba.

Akwai kuma abokin tserensa. Motoci biyu kan gogi juna ba da nufi ba. Idan kowa na cikin kayansa, abin kan ƙare da lotsewar ƙarfe da ban haƙuri. Idan ɗaya bai sa ba, sai ɗayan ya wayi gari da nauyin rai a wuyansa har ƙarshen rayuwarsa, a kan kuskuren da bai taka kara ya karya ba. Sannan ga iyali. Ƙwararren direba na da aƙalla yana iya cewa da wannan kasada yake ciyar da gidansa. Ɗan sha'awa ba shi da wannan uzuri: ranar Litinin akwai majinyata ko ma'aikata ko jikoki da ke jiransa, kuma sau da yawa ya haura hamsin, ƙashinsa da wuyansa ba na ɗan shekara ashirin ba ne. Wasan da kansa ma amana ne a hannun kowa. Bayan haɗarin Le Mans na 1955 da ya kashe sama da mutum 80, ƙasar Suwizalan ta haramta irin wannan tsere shekaru da dama. Bayan na 1957 a Italiya, aka daina tseren Mille Miglia a matsayin gasar gudu. Jama'a na lamuntar wasa ne muddin ba su gaji da ganin gawa ba. Ko da ma'aunin Mill aka auna, cutar da wasu ta tabbata.

Hujjar da ba a iya turewa gaba ɗaya

Akwai magana ta uku, wadda tsofaffin hannu a wasan suka fi yi, kuma ina ganin akwai gaskiya a cikinta. Suna cewa kayan kariya na sa mutum ya manta irin motar da yake ciki. Wanda ya shige cikin hula da riga irin na zakarun yau yakan ji kamar shi ma yana cikin motar yau, sai ya kutsa inda bai kamata ba. Wani masanin tattalin arziki a Jami'ar Shikago, Sam Peltzman, ya kawo irin wannan ra'ayi a 1975 game da dokokin lafiyar motoci: idan mutane suka ji sun samu kariya, sukan ƙara ganganci har su cinye wani ɓangare na ribar. Masana sun yi ta gardama kan girman abin, amma duk mai tuƙi ya san akwai ƙamshin gaskiya. A 2020 Romain Grosjean ya fito daga wuta a Baharain bayan kusan daƙiƙa 28, da ƙuna a hannuwa. Rigarsa ta taimaka, amma motarsa ma an gina ta don ta tsare shi. Motar 1958 ba za ta yi wa kowa wannan alheri ba.

Wani lokacin ma kayan zamani ba sa zama daidai a tsohuwar mota. Ɗauki bel. A buɗaɗɗiyar mota ta kafin yaƙin duniya na biyu, wadda ba ta da bakan ƙarfe a bayan kan direba, ɗaure mutum a kujera na nufin in ta kife kansa ne zai tokare ƙasa. Shi ya sa a irin waɗannan motoci ake barin direba ya yi tsere babu bel, kamar yadda mutanen da suka gwammace mota ta watso su waje. Haka abin tallafe wuya da ake kira HANS, wanda ke zama a kafaɗa kamar karkiya a ɗaure shi da hula don kada kai ya fizge gaba. Wani farfesa a Amurka, Robert Hubbard, ya ƙirƙiro shi a shekarun 1980, aka yi ta jan ƙafa, sai da Dale Earnhardt ya mutu a Daytona a 2001 saboda karayar gindin ƙoƙon kai sannan manyan gasanni suka wajabta shi. Amma irinsa na asali sai da bel mai ratsa kafaɗu yake aiki, bel kuma sai da bakan ƙarfe, bakan kuma sai an huda jikin motar da ta kai shekara tamanin. Kayan kariya sarƙa ne, kowane na riƙe da ɗan'uwansa.

Me wannan ke nunawa? Yana nuna akwai wurin shawara da wurin da babu ita. Abin da za a liƙa wa mota, a zauna da masana a duba kowace mota da ƙirarta, domin wani gyaran kan ƙara haɗari. Abin da za a sa wa jiki kuwa, hula da riga da safar hannu da takalmi, babu motar da ya taɓa ragewa daraja, kuma babu yanayin da rashinsa ya fi. Maganin mantuwar da kayan ke jawowa shi ne a tuna, ba a tuɓe ba. Ƙungiyoyin sun gane haka. Da yawa daga cikin na Amurka suna da ƙa'idar da suke kira sha uku da sha uku: wanda ya jawo karo a sa masa ido wata 13, in ya sake a dakatar da shi wata 13. A wannan wasa, wanda ya ɗaga ƙafa daga totur ya bar abokinsa ya wuce a kwana mai haɗari ya fi samun girma a kan wanda ya ci kofi da lotsattsen gefe. Kamun kai shi ne kariyar da ba a sayarwa a shago, kuma hula ba ta maye gurbinsa, kamar yadda shi ma ba ya maye gurbinta.

Jarumta da ganganci

Saura tambaya ɗaya da ke ƙarƙashin duk sauran. Idan aka rage haɗarin, me ya rage na daɗin? Wasu na ganin kusantar mutuwa ce gishirin abin. Ban yarda ba. Abin da ke sa mutum ya tashi da asuba ya ja tirela ɗaruruwan kilomita shi ne gwaninta: sarrafa mota mai taurin kai da babu kwamfutar da za ta gyara masa kuskure, sauya giya a daidai lokacin da injin ke nema, jin bayan motar na zamewa a kwana ya tare shi da sitiyari da totur. Hula ba ta rage ko ɗaya daga cikin waɗannan. Haɗarin da ba ya rabuwa da gwanintar yana nan, ya kuma ishi kowa, domin har yau ana jin rauni, wani lokacin a rasa rai, a tseren tsofaffin motoci. Jarumi shi ne mai fuskantar haɗarin da ba makawa sai da shi za a kai ga abin da ake nema. Mai ganganci kuwa yana ƙaro haɗarin da ba ya ƙara komai sai kyan hoto. Masu cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa su ma suna duba birki kafin su tashi, suna ɗaure kusoshin taya. Wanda ya yarda da duba birki ba shi da hujjar ƙin hula.

Mu ma mun san wannan hali. A farkon 2009, da aka wajabta wa masu babura hular kwano a Najeriya, an ga 'yan acaɓa da ƙwarya ko tukunya a ka don su wuce jami'an kiyaye haɗurra. An yi dariya, amma attajirin da ke tsere a Turai yana da irin ƙwaryarsa: hular da ta taɓa faɗuwa ta tsage daga ciki ya ci gaba da sawa don fentinta ya dace da motar, rigar da mai ya jiƙa ta har ta zama lagwani, singiletin roba a ƙarƙashin rigar wanda zai narke ya manne wa fata. Wasu daga cikin waɗannan na iya kuɓuce wa idon mai dubawa, wuta kuwa ba a yi mata wayo. Mutumin da ya iya biyan kuɗin sake gina inji ba zai ce hula ta fi ƙarfinsa ba.

In injin ya fashe, akwai masu ƙera sabon ƙarfe daidai da na 1955. In jikin motar ya lotse, akwai maƙeran da za su buga shi ya koma kamar ba a taɓa ba, kuma motoci da yawa da ke tsere a yau an sha tayar da su daga tarkace. Direban ne kaɗai ba a sayar da kayan gyaransa. Don haka kafin ya zauna a kujera, ya dubi ɗan sa-kan da ke tsaye a kwana ta farko da tulun kashe gobara a hannu. Mutumin nan ya riga ya ɗauki alkawarin zai shiga wuta saboda baƙon da bai san sunansa ba. Mafi ƙarancin abin da direba zai saka masa da shi shi ne ya sa kayan da za su ba shi damar fitowa da ƙafarsa, don shi ma mai tulun ya koma wa iyalinsa lafiya.